Akwakun da Gwaggo Wilma Take Hawa

Velka, Nebraska
9 ga Mayu

Renata,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya a cikin jirgin ruwan naki, ba ki faɗa teku ba. Ni dai ga ni nan. Ciwon ƙugun yana nan yadda kika bar shi ranar jana'izar maigidana Emil. Kunne kuma ya ƙara nauyi, shi ya sa na sa aka cire wayar, na gaji da jin mutane suna magana kamar daga cikin rijiya. In kina da magana ki rubuto. Kaji lafiya lau, in ban da baƙar, dila ya ɗauke ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. 'Yan kwamitin bikin girbi sun zo, Marlys Ondracek a gaba, da ƙatuwar jakarta da jan bakinta. Wai suna so a yi wasan hasken Emil a watan Agusta kamar yadda aka saba, karo na ƙarshe, don a tuna da shi. Ta fara matse ido za ta yi kuka, na ce, "Marlys, ajiye kukan. Mutumin ne ya mutu, injin lezarsa na nan. Za a yi." Maƙwabcinmu Lumir Hruska ya iya kunna injin, shi yake kula da kiɗa da janareta duk daren wasa.

Matsalar ita ce ƙanƙarar da aka yi a Afrilu. Kin san sandunan ƙarfen nan shida da ke gefen filin ƙwallo, inda ake ɗaura madubai, siririn hasken da lezar take harbawa ya daki madubi ya karkata ya bi ta saman kan 'yan kallo ya je ya tsaya a bangon babban rumbun hatsi. Madubai suna gida a cikin tsofaffin safa, ba abin da ya same su. Mariƙansu ne aka bari a kan sanduna tun kakar bara, don lokacin Emil ya riga ya kasa hawa tsani. Ƙanƙara ta lanƙwasa huɗu, sauran tsatsa ta gama da su.

Na samo littafin kamfanin da yake sayen kaya a wurinsu. Renata, mariƙin madubi kaɗai shafi-shafi ne. Akwai mai ƙwallo a baya, ki juya shi duk inda kike so ki matse. Akwai mai sukuru biyu da sifirin. Akwai wanda ba ya motsi sam, sai dai a ɗaure shi a bar shi. Ni mai ƙwallon ne ya kwanta mini, don irin na fitilar ɗinkina ne, na san hannunsa.

Ke ce 'yar ƙanena da ta yi karatun abin, ke kike haska wa masu hutu leza a tsakiyar teku. Ki gaya mini wanne zan ɗauka. Kada ki rubuto mini lacca, a aji shida na tsaya.

Gwaggonki,
Wilma

*

Juneau, Alaska
25 ga Mayu

Gwaggo,

Na gaishe ki da kyau. Ya ƙugun? Kina shan maganin ko kina ba kaji? Ni lafiya ƙalau, sai sanyi da aiki. Wasiƙarki sai da ta je ofishinmu a Seattle, ta zauna, sannan ta biyo mu tashar nan. Ki yi haƙuri da jinkirin, haka za mu yi ta fama har kaka.

Na yi murna za a yi wasan. Wasan Baba Emil ne ya sa ni cikin wannan sana'ar, kin sani.

Ki bar mai ƙwallon nan. Fitilar ɗinki daban, madubin leza daban. Mai ƙwallo, kina gama saita shi, da kin zo matsewa sai ya ɗan goce. Rana ta dake shi ya saki, iska ta kaɗa sanda ya sunkuya. Wanda ba ya motsi kuma ba shi da amfani a wurinku, tunda sandunanku ba a miƙe suke ba.

Mai sukuru biyun za ki ɗauka. Sukuru ɗaya yana ɗaga madubi sama da ƙasa, ɗayan hagu da dama. Zarensa siriri ne, sai ki murza shi zagaye guda madubin bai motsa abin da ido zai gani ba. Kuma abin da ake so ke nan, don madubi in ya karkata kamar kaurin gashi a bakin sanda, kafin hasken ya kai can wajen bencunan 'yan kallo ya sauka ƙafa da ƙafa. Shi ya sa nake so ya zama mai notin ɗauri a bayan kowane sukuru, kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa. Don kada ki rikice a littafin, na riga na sa kamfanin ya aiko miki guda shida daidai girman madubanku.

In sun zo, ku saita yadda Baba Emil ya saba, sannan ku ɗaure notin tamau. Sai yanzu ma na tuna ban taɓa ganin yana saitin ba, kullum korar mu yake daga filin. Yaya yake yi ne?

A gaida Lumir da Marlys.

'Yarki,
Renata

*

Velka
11 ga Yuni

Renata,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da ƙugu, kuma ina shan maganin, ki daina yi mini rashin kunya. An yi ruwa, masara ta kai gwiwa. Fadan cocinmu ya yi mura, ranar Lahadi ta hanci ya yi mana wa'azi.

Kayanki sun zo. 'Yan ƙanana ne amma da nauyi, sai sheƙi suke. Lumir ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Wilma, wannan ai agogo ne, ba mariƙi ba." Na ce, "To ɗaura agogon a sanda ka bar surutu." Ya ɗaura duka. Yana murza sukurun yana mita wai abin ba ya motsi. Na ce haka mai karatu ta ce, murza dai.

Kin tambayi yadda Emil yake saiti. Ba wani asiri a ciki, korar ku yake don kada yaro ya gitta. Da sauran rana yake yi, ya rage wa injin ƙarfi har ƙasa. To hasken in an rage shi ba a ganinsa daga nesa, balle Emil da tun asali idonsa ba ya kai nisa. Sai ya zuba 'yar siminti a ƙasa gaban kowace sanda, taku kaɗan daga gindinta. Ni zan ɗora akwaku na katako a kan simintin, in hau, in juya wa madubin baya, in ɗaga farin tiren nan nawa na kolachi, burodin nan mai zaƙi, da hannu biyu iya miƙewata, fuskar tiren tana kallon madubi. Shi yana kan tsani yana murzawa har koren ɗigon ya zauna a tsakiyar tire. Sai ya ce, "Tsaya nan, tsohuwa, kar ki yi numfashi," ya ɗaure. In sauko in ja akwakuna zuwa sanda ta gaba. Shi ke nan. In duhu ya yi aka ƙara ƙarfi, hasken ya bi can sama da kan kowa ya sauka a bangon rumbu. Shekara talatin da wani abu haka muke yi, ko hular wani ba ta taɓa ƙonewa ba.

Tsohon akwakun dai na yi masa ritaya. Na kwalaben lemo ne, Emil ya lulluɓe shi da guntun kafet har ƙasa don kada in zame, kuma duk shekara ƙara nauyi yake, ko ni ce ƙarfi yake tafiya. Na juya shi a akurki na zuba ciyawa, jar kazar tana ƙwai a ciki. Lumir yana da irinsa sak, kamfani ɗaya, mara kafet, ɗan yatsa ma ya ɗaga shi, shi zan hau bana. Na kuma huta da wata wahalar. Duk bazara sai Emil ya sa ni hawa akwakun a gareji in ɗaga tire har ya taɓa katakon rufi, wai yana duba ko akwakun yana rawa. Mutum mai son wahalar da mutane, Allah ya ji ƙansa.

Sati mai zuwa za mu saita mu gwada, in ba a yi ruwa ba.

Wilma

*

Velka
24 ga Yuni

Renata,

Ban ga amsarki ba. Ina fatan lafiya. Ni jikina ƙalau amma raina ba daɗi, don haka ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Mariƙanki sun kusa makantar da Marlys.

Mun saita ranar Talata kamar yadda na gaya miki. Na hau, na ɗaga tire, Lumir ya murza, ɗigo ya zauna a tsakiya cas, ya ɗaure notin har yana nishi. Duka shidan. Da rana ta faɗi muka ce bari mu gwada na farko da rabin ƙarfi. Marlys tana can benci na ƙarshe, na sama, tana ɗaura tutoci. Ba wanda ya ce ta sauko. Me zai sa a ce ta sauko? Shekara talatin mutane suna tsayawa a bencin nan da yara a wuyansu.

Lumir ya kunna. Renata, da idona na gani. Hasken bai hau ba. Ya tafi a kwance, ya ratsa tutocin, ya gitta fuskar matar nan kamar an ja mata koren zare. Lumir ya fizge waya. Ta zauna daɓas a kan benci, ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Na ja ƙuguna na isa, ta ce, "Wilma, akwai ƙuda a idona, na kore shi ya ƙi tashi." Na duba, ba ƙuda.

Ɗanta ya kai ta wurin likitan ido a Lincoln. Idon hagu ne. Wai akwai ɗan tabo a can ciki, a jira a gani ko zai dushe. Ta ce wa likitan wai hasken walda ta kalla a shagon ƙaninta. Na ce, "Marlys, ƙarya da tsufanki?" Ta ce, "In na ce leza ce za su hana bikin, kuma an riga an buga takardun gayyata. Ke dai ki gyara abinki." Ba wanda ya sani sai ni da ita da Lumir, sai yanzu ke.

Washegari muka kori kowa muka gwada sauran biyar ɗin. Duka ƙasa suke bi. Duka. Ɗaya ma bencin ya daka.

Ni ban canza ba, tire bai canza ba, siminti yana inda yake. Abin da yake sabo a filin nan mariƙanki ne. Lumir ya ce wataƙila sifirin ɗin ne yake sakin jiki bayan an ɗaure. Ni ban san sifirin ba, abin da na sani tsofaffin Emil da ya ƙera da hannunsa ba su taɓa yi mini haka ba. Zan sa a kwance su a mayar wa kamfanin, in ɗauki masu ƙwallon da na so tun farko, mu sake saitawa. Bikin ranar Asabar ta farko ce a Agusta, kuma benci zai cika, don har daga Omaha 'yan garin nan za su dawo saboda Emil.

Na ce in gaya miki don kada ki je ki ɗaura wa mutanen jirginku irinsu.

Wilma

*

Ketchikan, Alaska
7 ga Yuli

Gwaggo,

Wasiƙunki biyu yau suka iso tare. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da na nemi wurin zama. Ya idon Marlys?

Gwaggo, shekara talatin ke ce kike tsayawa a gaban leza da tiren kolachi? Kuma ba wanda ya taɓa zuwa can ƙarshen filin ya duba inda hasken yake bi? Da a nan wani ya yi haka, a ranar za a sauke shi daga jirgi. Ina ƙaunar Baba Emil, amma da yana raye da na yi masa faɗan da bai taɓa ji ba.

Kada ki mayar da mariƙan. Ba su da laifi. Da sifirin ne, da ɗaya ko biyu za su goce, wannan ya yi sama wancan ya yi gefe. Ba za su haɗa baki su shida su sunkuya tare ba. Inda aka ce su nuna, nan suka nuna. Tiren ne yake ƙasa da inda ya kamata.

Zan faɗi wata magana, ki karanta ta har ƙarshe kafin ki yi fushi. Ranar jana'iza da na rungume ki, kanki a ƙarƙashin haɓata ya tsaya. A hoton aurena da ke kan talabijin ɗinki kafaɗarmu ɗaya. Gwaggo, kin rage tsawo, kuma hannunki ba ya miƙewa kamar da. Ke ce ma'aunin filin nan gaba ɗaya. In tire ya sauka faɗin tafin hannu a gindin sanda, can wajen benci hasken ya sauka fiye da tsawon mutum. In kika sa masu ƙwallo kika sake ɗaga tiren, wuri ɗaya za su nuna, sai dai su ƙara da gocewa. Kuma ranar biki da cikakken ƙarfi ne, da yara a benci.

Don Allah kada a sake kunna injin nan. Marlys kuma ta koma ta gaya wa likita gaskiya, don ya san irin ƙunar da yake dubawa. Ba zan iya barin jirgin ba sai Satumba, na tambaya an hana. In an ga dama a ɗaga wasan har in zo.

Renata

*

Velka
14 ga Yuli

Renata,

Na ga takardarki. Lafiyata ƙalau, tunda ba ki tambaya ba.

Wato na tsufa, na ƙanƙance, in koma gefe in jira a zo a binne ni. Na gode. Ni na yi miki wanka a kwanon wanke-wanke lokacin da uwarki take asibiti, yau ke kike auna ni da haɓarki. Kuma mijina bai shekara a ƙasa ba kin fara yi masa faɗa.

To mai karatu, amsa mini wannan. In na rage tsawo, a hunturu ɗaya na rage? Bara ni ce na ɗaga tiren nan, da wannan ƙugun, da waɗannan hannayen, haske ya bi can sama lafiya lau. Bara waccan ma haka. Ko cikin dare aka zo aka yanke mini ƙafa ban ji ba?

Ba za a ɗaga biki ba, masara ba ta jiran jirginki. Na cike takardar masu ƙwallo, ranar Litinin zan aika. Ba sai kin sake wahalar da kanki da rubutu ba.

Wilma Kratochvil

*

Juneau
21 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaishe ki, kuma ina tambaya: ya jikinki? Na sa ofis su aiko wannan ta masu saurin kai saƙo, don ta same ki da wuri.

Ban ce kin ƙare ba. Matar da ta hau akwaku sau shida da ciwon ƙugu ba ta ƙare ba. Inci nake magana, ba daraja ba.

Amma tambayarki ta kama ni. Gaskiyarki, mutum ba ya rage faɗin tafin hannu a hunturu ɗaya. Na yi ta juya abin ban samu amsa ba. Abin da na iya kawai shi ne in lissafa abin da ya canza daga bara zuwa bana. Mariƙai sun canza, na kuwa san su. Hannun mai murzawa ya canza, amma kin ce ɗigo ya zauna a tsakiya. Saura abu ɗaya, akwaku. Kin ce irinsa ne sak. Kin jera su kin gani, ko dai kin ɗauka ne?

Na kira Lumir a waya, gara ki ji daga bakina. Na ce ya gaya miki kada a kunna. Ya ce, "Renata, ni in gaya wa Wilma? Ina da iyali." Amma ya yi mini alkawari ba zai taɓa sukuru ko ƙwallo ba sai kin duba akwakun. In kuma aka kunna ba a duba ba, zan kira kwamitin da kaina in faɗi abin da ya sami Marlys, ko da ba za ki sake yi mini magana ba har abada. Na fi son ki yi fushi da ni da a ce ɗan wani ya tashi da ƙuda a ido.

Ki ɗaga kazar nan, Gwaggo.

'Yarki, ko kina so ko ba kya so,
Renata

*

Velka
6 ga Agusta

Renata,

Ina gaishe ki. Ina fatan sanyin bai kama miki ƙirji ba. Ni ƙugu ya tashi sosai saboda hawa da sauka, kuma kaza ta sare ni a hannu, ya kumbura, yanzu ya saɓe.

An yi biki. Bari in faro miki daga farko.

Takardarki ta zo na karanta na jefa ta cikin kwandon dankali. Lumir ya zo da yamma yana murza hula a hannu, ya ce shi fa ya yi rantsuwa. Na ce, "Ƙato da kai, yarinya daga tsakiyar ruwa ta ɗaure ka?" Ya ce, "Yarinyar shekararta hamsin, Wilma." Na ce to zo in nuna maka, don ka rubuta mata ka ce ta ji kunya. Muka shiga akurki, na ture jar kazar, nan ta sare ni. Lumir ya ciccibo akwakun yana cewa, "Wannan duwatsu aka zuba masa?" Ya kife shi kusa da nasa a ƙofar gareji.

Renata, ba su zo ɗaya ba. Na Emil ya ɗara na Lumir da faɗin tafin hannuna har da ɗori.

Na ce kafet ne. Na ɗauko filaya na ɓamɓare kafet ɗin. A ƙarƙashi katakai ne, huɗu, ɗaya kan ɗaya, an buga su da ƙusa an goge gefensu sumul don kada su ji mini ciwo. Kuma duk na san su. Na ƙasa murfin tsohon kabad ɗin kicin ne mai shuɗin fenti, wanda Emil ya ce mini ya ƙona. Na biyu daga benci ne na bakin ƙofa. Na uku allon shagonsa ne na da, har da rabin sunansa. Na sama kuwa katakon murjin fulawata ne, na uwata, wanda ya ɓata shekarun baya. Gidan nan kaf na birkice ina nemansa. Mutumin nan ya taya ni nema, Renata. Har ƙarƙashin gado ya leƙa da tocila, yana cewa, "Ina kika ajiye shi, tsohuwa?" Ashe ina taka shi duk Agusta.

Na zauna a kan akwakun Lumir. Lumir ya ce ko ya kawo ruwa, na ce ya rufe mini baki.

Sai na tuna da katakon rufi. Na ce ya ja akwakun cikin gareji, daidai inda Emil yake ajiye shi, akwai ma shatarsa a ƙasa. Na hau, na ɗaga tire iya ƙarfina. Bai taɓa ba. Saura kamar yatsa biyu. Wato ba rawar akwaku yake dubawa ba duk shekarun nan, ni yake aunawa. In ya ga tire ya kasa kaiwa, sai ya bari in tafi coci ya sato katako ya ƙara, ya mayar da kafet. Bana ba ya nan, ni kuma ban daina gajarta don ya mutu ba.

Ban aika takardar masu ƙwallon ba. Aka ƙara katako ɗaya, tire ya taɓa rufi. Muka koma fili muka kwance notin, na hau, Lumir ya murza. A nan na ga amfanin agogon naki, don ɗigon a hankali yake hawa kamar tururuwa, ba ya tsalle, kuma da aka ɗaure bai goce ba. Ban ce kin fi Emil ba, na ce dai abin ya yi. Sannan muka yi yadda kike so. Da rana ta faɗi aka kori kowa, aka ɗaura doguwar gora da farin tsumma a benci na sama, aka kunna ɗaya bayan ɗaya. Duka sun bi can sama da gorar suka sauka a bangon rumbu. Lumir ya sake dubawa ranar Juma'a, ya sake ranar Asabar kafin a buɗe ƙofa.

Marlys na kai ta Lincoln da kaina, wato ɗanta ya tuƙa ni kuma na zauna a gaba. Na ce wa likitan ba walda ba ce, leza ce, kuma ni ce na ajiye akwakun da ya kamata in hau. Ya dube ni bai gane ba, ban tsaya yi masa bayani ba. Ya ce tabon ya ragu amma da wuya ya tafi duka. Ƙudan ya koma ɗan ƙwaro, in ji ta, sai in tana karatu yake damunta. A mota ta ce mini, "Ai ke ma ba ki sani ba." Na ce rashin sanina bai cire mata shi ba. Yanzu ni nake zuwa ina karanta mata jarida ranar Laraba, da karatun nawa na aji shida, tana gyara mini.

Ranar biki benci ya cika har ƙasa. Mutane sun yi ta tafi, wasu sun yi kuka. Ni ban kalli rumbu ba, kan yaran da ke benci na sama nake kallo har aka kashe injin. Kwamiti sun ce a sake baɗi. Na ce sai in ke za ki zo ki saita da kayan aikinki, ni na ajiye tire, ya koma aikin kolachi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan ya fi shekara ashirin yana kallona ina raguwa, bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Ke kin faɗa sau ɗaya na kusa cire ki daga dangi. To wataƙila ya san matarsa. Amma da ya faɗa, da idon Marlys yana nan garau. Na je kabarinsa na gaya masa haka, da ƙarfi, don shi ma kunnensa ba kyau.

In jirginku ya tsaya a Satumba ki zo. Katakon fulawar na ɓamɓaro shi bayan biki na wanke, akwai ramin ƙusa huɗu amma yana murzuwa. Sai dai za ki kwana a ɓangarena ni in koma kujera, don ɗaya ɓangaren gadon ya lotsa. Katakon da aka ƙara wa akwakun daga ƙarƙashin katifar Emil na zaro shi. Ba mai kwana a wurin.

Gwaggonki,
Wilma